Kirari da Gayya: Yadda Tamale Ta Miƙe Bayan Dokar Hana Fita

Duk baƙon da ya sauka Tamale a yau, kafin ya kwana biyu sai wani ya gaya masa cewa ya zo birnin da ya fi kowane birni saurin bunƙasa a Afirka ta Yamma. Ɗan siyasa zai faɗa a kan dandamali, mai gabatar da shiri zai faɗa a rediyo, har yaron da ke tuƙa keken nan mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo zai faɗa maka yana miƙo maka canji. Ni kaina na sha faɗa wa abokaina na Kano da Maradi, ina yi ina ɗaga kafaɗa. To amma ni ɗan Choggu ne, kuma na ga lokacin da garin nan ke yin tsit tun kafin a kira magariba, ba ka jin motsin komai sai motar soja. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da wanda na ji daga iyayena, domin yaran da aka haifa bayan haka su san cewa kirarin da suke yi yana da tarihi, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinsa.

Bari in fara da yadda aka yi Bahaushe ya samu kansa a nan. Kakan mahaifina falke ne, daga ƙasar Kano ya bi hanyar Gwanja neman goro, ya zauna a Salaga. A wancan zamani Salaga ce babbar kasuwar wannan yanki, inda goron Asante ke haɗuwa da kanwa da tufafi da dabbobin ƙasar Hausa, inda kuma aka yi cinikin bayi mai yawa, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 kasuwar ta fara raguwa, sai yaƙin basasar 1892 tsakanin masu neman sarautar Kpembe ya zo ya ƙarasa ta. Fatake suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin, kuma ya rubuta labarin wannan watsewa. Salaga ba ta sake komawa yadda take ba. Tun muna yara wannan shi ne darasin farko da ake ba mu a gida: gari yana mutuwa kamar yadda mutum ke mutuwa.

Lokacin da Salaga ke cikin ganiyarta, Tamale ƙauyuka ne na Dagomba a warwatse, ƙarƙashin Dakpema da Gulkpe-Na, kuma Choggu ɗaya ce daga cikin ƙauyukan da ke kewaye, da sarkinta da gonakinta. Abin da ya ɗaga Tamale shi ne rabon da Turawa suka yi wa ƙasar Dagbon. Yendi, fadar Ya-Na, ta faɗa hannun Jamus, yammacin ƙasar kuma ya faɗa hannun Ingila. A 1907 Ingilishi suka ɗauke hedkwatar Yankunan Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Inda gwamnati ta zauna nan kasuwa ke bi, inda kasuwa ta je kuwa nan za ka ga Bahaushe. Haka aka yi Zangon Hausawa da Zangon Mosawa suka kafu, haka kakana ya taso daga Kintampo ya zo ya kafa rumfar goro. A zango aka haife ni. Sai a ƙarshen shekarun 1990 mahaifina ya sayi fili a Choggu, inda ƙasa ke da araha a lokacin, muka tare a tsakiyar Dagombawa.

Masifar farko da na yi wayo na gani ita ce ta 1994. A farkon shekarar aka yi gardama kan kuɗin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, tsakanin Bakonkombe da Bananumbe. Zabon dalili ne kawai, domin ƙasan maganar rikicin ƙasa ne da na sarauta wanda ya daɗe yana cin rai. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama tsakanin Konkomba a gefe ɗaya, da Nanumba da Dagomba da Gwanja a ɗaya gefen. A watan Fabrairu gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomi 7, har da Tamale. Lissafin hukuma ya ce mutum kusan 2,000 suka mutu, ƙauyuka 441 suka ƙone, fiye da mutum 150,000 suka rasa matsuguni. Na tuna manyan motoci suna sauke mata da yara da ƙullin kaya a ka, na tuna kuma yadda doya ta yi tsada, domin Konkomba su ne manoman doya, kuma sun bar zuwa kasuwar Tamale.

Abin lura a nan shi ne yadda aka kashe wannan wuta. Soja sun tsayar da harbi, amma sulhun kansa a wajen zaman fahimtar juna aka ƙulla shi. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a arewa suka haɗa kai, suka gayyato wata cibiyar sasanci daga Nairobi ƙarƙashin wani Bahabashe mai suna Hizkias Assefa, aka riƙa kwasar shugabannin ƙungiyoyin matasa na kowace ƙabila ana kai su Kumasi suna zama. An yi ta zama har aka sa hannu a Yarjejeniyar Kumasi a watan Maris na 1996. Malaman makaranta ne da ma'aikata da manoma, waɗanda yawancinsu ba wanda ya san sunansu a yau. Tun daga wannan lokaci ofisoshin ƙungiyoyin agaji suka cika Tamale, har aka riƙa yi mata laƙabi da hedkwatar ƙungiyoyin agaji ta Ghana.

Masifa ta biyu ita ce ta shigo mana har cikin gida. Sarautar Dagbon tana hannun gidaje biyu ne, Abudu da Andani, zuriyar 'ya'ya biyu na Ya-Na Yakubu na Farko da ya yi sarauta a ƙarni na 19. Asali karɓa-karɓa ake yi, amma tun kafin samun 'yancin kai aka fara saɓa wa tsarin, siyasar jam'iyyu kuma ta shiga ciki. A 1974 gwamnatin soja ta Acheampong ta tuɓe Ya-Na Mahamadu Abdulai na gidan Abudu, aka naɗa Ya-Na Yakubu Andani na Biyu. Mahamadu Abdulai ya rasu a 1988, aka kuma kasa daidaitawa kan yi masa bikin makoki irin na sarakuna a fadar Gbewaa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2002, gab da bikin wuta da Dagomba ke kira Bugum, aka yi kwana uku ana musayar wuta a Yendi. Ranar 27 ga wata aka kashe Ya-Na Yakubu Andani da mutanensa da dama, wasu na cewa 30, wasu na cewa 40, aka ƙone fadar. An kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Wuaku, an yi shari'o'i, amma har yau kotu ba ta kama kowa da laifin kisan ba.

Gwamnatin Kufuor ta kafa dokar ta-ɓaci a duk ƙasar Dagbon, tare da dokar hana fita. Da farko tun faɗuwar rana ake shiga gida sai gari ya waye, daga baya aka yi ta sassautawa, amma a Tamale da Yendi ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai a watan Agustan 2004. Shekara biyu da wata biyar ke nan.

Wanda bai zauna garin zafi ba ba zai gane abin da dokar hana fita ke nufi a watan Maris da Afrilu ba. A Tamale rabin rayuwa da dare ake yin ta. Mai shayi, mai tsire, mai tuwo, mai ƙosai, ɗan acaɓa, direban da ke tashi da daddare don ya isa Kumasi da asuba, duk da dare suke neman abinci. A wata ɗaya duk aka karya musu jari. Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai, tun kafin asuba take hura wuta, sai ga shi ba halin fita kafin rana ta fito. Magariba da isha'i da asuba a tsakar gida muka riƙa yi, muna jin ladan yana kira ba mai amsa masa da ƙafa. Ma'aikatan da aka turo daga kudu suka riƙa neman canjin wurin aiki. Sabon malami ko ma'aikacin jinya in aka ce an tura shi Tamale, sai danginsa su taru kamar an yi musu rasuwa. Jaridun Accra kuwa ba su da labarin arewa sai na bindiga.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya faru tsakanin mutane. Dagomba mutane ne masu girmama gaisuwa, yaro ya durƙusa, babba ya yi ta amsa "naa, naa" har sai an gaji. Sai ga shi maƙwabci ya wuce maƙwabci ba "dasiba". Aure ya mutu saboda miji ɗan Abudu ne mata 'yar Andani. An raba masallaci, an raba majalisa, an raba mahauci. Kowace inuwar bishiya da benci aka san na wane gida ne da kuma wace jam'iyya.

Gidanmu yana tsakanin gidaje biyu. Dattijon dama ɗan Andani ne, na hagu ɗan Abudu, kuma kafin rikicin kullum da la'asar a ƙofar gidanmu suke zama da mahaifina suna cin goro. Bayan abin da ya faru a Yendi suka daina magana. Mahaifina bai daina shimfiɗa tabarma ba. In na dama ya zo, na hagu ba zai fito ba, in na hagu ya riga zama, na dama ya bi ta bayan gida. Wata rana na ce masa, "Baba, me ya sa ba za ka naɗe tabarmar nan ka huta ba? Rigimar gidansu ce, mu baƙi ne." Ya dube ni ya ce, "Kai ne baƙo. Ni a nan za a binne ni. Kakana ma da ya ce rigimar Kpembe ta Gwanjawa ce, ai da ƙafa ya bar Salaga."

A damunar 2003 Allah ya yi masa rasuwa, cikin dare, lokacin da ba halin fita. Na hagu ne ya fara jin kukan mata, ya hauro ta katanga. Ba a jima ba na dama ma ya hauro ta nasa gefen. Suka tarar da juna a ɗakin da gawar take. Ba wanda ya ce wa wani komai. Ɗaya ya riƙe fitila, ɗaya ya gyara masa kwanciya, suka zauna da mu har gari ya waye. Da safe su biyun suka kama gaban makara. Ba zan ce daga ranar suka koma abokai ba, domin ƙarya zan yi. Amma sun koma gaisawa, kuma da aka yi sadakar bakwai a tabarma ɗaya suka zauna.

Na kawo wannan ne saboda na san irinsa ya faru a gidaje da yawa a Sakasaka da Aboabo da Lamashegu da Gumbihini, ba wanda ya rubuta. Matan kasuwa sun ci gaba da zubin adashi ba tare da tambayar gidan sarautar da mace ta fito ba, domin in aka tsaya tambaya adashin ya mutu. Limamai da limaman coci sun yi ta zaman haɗin gwiwa. Mahauta da direbobi, waɗanda su ne aka fi sani da zafin kai, dole ta sa suka ci gaba da aiki a mahauta ɗaya da tasha ɗaya. Mu ma 'yan zango ba mala'iku ba ne, da yawanmu sun ɗauki ɓangare ta hanyar jam'iyya. Sai dai kasancewar ba mu da rabo a fatar sarauta ya sa ƙofar gidan Bahaushe ta zama wurin da mutum biyu za su iya haɗuwa ba a ce wani ya bi wani ba.

A sama kuma manya suna nasu ƙoƙarin. An kafa kwamitin manyan sarakuna uku: Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu, da Nayiri sarkin Mamprusi, da Yagbonwura sarkin Gwanja. A watan Afrilun 2006, bayan shekara huɗu, aka binne Ya-Na Yakubu Andani, aka naɗa babban ɗansa Kampakuya-Na a matsayin mai riƙon ƙwarya.

Ba mu gama numfasawa ba sai ga ruwa. A 2007 damuna ta fara da fari, shuka ta bushe, sannan a Agusta da Satumba sama ta ɓalle. Aka kuma buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, kogin Farin Volta ya cika ya batse. Jihohin arewa uku na wancan lokaci duk abin ya shafe su, fiye da mutum 300,000, gonaki da gadoji da gidajen ƙasa suka tafi. Tamale ba a bakin kogi take ba, amma ruwan sama kaɗai ya ishe mu. A layinmu katangu huɗu suka zube a dare ɗaya. Washegari ba wanda ya jira hukuma. Aka buga gangar gayya, samari suka fito da diga da shebur da kwanon sarki, muka haƙa hanyar ruwa daga bakin masallaci har gangare. Mata suka dafa wake da shinkafa a babbar tukunya. Waɗanda ɗakunansu suka faɗi aka rarraba su gidaje, mu ma muka karɓi wata tsohuwa da jikokinta uku, suka yi wata biyu a ɗakin mahaifina. A cikin ramin nan na ga ɗan Abudu yana miƙa wa ɗan Andani kwanon laka. Ruwa bai san gidan sarauta ba.

Wata huɗu bayan haka aka buɗe gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka ta 2008, kuma Tamale na cikin garuruwa huɗu da suka karɓi baƙi, tare da Accra da Kumasi da Sekondi. Wani kamfanin China daga Shanghai ya gina mana filin wasa mai ɗaukar mutum kusan 20,000. Da aka fara maganar, da yawa a kudu sun yi dariya, wai wa zai kai baƙin duniya garin da jiya-jiya yake cikin dokar hana fita. A nan ne na fara ganin kirari ya zama aiki. Aka share tituna, aka shafa fenti, aka gyara fitilun kan hanya. Masu gidaje suka mai da ɗakuna masaukin baƙi. A rediyo kullum ana roƙon matasa, da Dagbanci da Hausa da Turanci, cewa kada a ba mu kunya a gaban baƙi. Rukunin Tunisiya da Senegal da Angola da Afirka ta Kudu ne aka kawo mana. Ranar 30 ga Janairu na shiga filin da kaina, Kamaru ta ci Sudan 3 da nema, Samuel Eto'o ya zura biyu, ya karya tarihin Laurent Pokou na yawan ƙwallaye a gasar. A Tamale aka yi wannan, a gaban idona. Bayan kwana biyar Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, nan ma a filinmu. Muka fito da daddare muka tako da ƙafa har Choggu, dubban mutane a kan titi, ba soja, ba tsoro. Wani tsoho da ke tafiya kusa da ni yana ta share hawaye, kuma na tabbata ba don Tunisiya yake yi ba.

Daga nan kirari ya kama bakin kowa. Dama tun 2004 an ɗaga Tamale zuwa matsayin babban birni. Bankuna suka buɗe rassa, otal-otal suka tashi, Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa tun 1992 ta ƙara faɗi. A ƙidayar 2010 mutanen birnin kusan 371,000 ne. A 2012 aka yanke gundumar Sagnarigu, wadda Choggu ke ciki, kuma a ƙidayar 2021 jimillar biyun ta haura 700,000. Filin da mahaifina ya saya a bakin gona yanzu tsakiyar gari ne. A 2016 alhazai suka fara tashi kai tsaye daga Tamale zuwa ƙasa mai tsarki, ba sai sun je sun kwana a Accra ba. Saboda haka ba zan raina kirari ba. Garin da aka yi wa tambarin tashin hankali yana bukatar wanda zai tsaya ya ce ku zo ku gani, domin mai jari ba ya kai kuɗinsa inda mutanen wurin da kansu ke sunkuyar da kai.

Sai dai kirari yana da nasa ciwon, kuma ba a kanmu aka fara ba. Lokacin da girgizar ƙasa ta rushe San Francisco a Amurka a 1906, attajiran garin sun fi son a riƙa cewa gobara ce ta ci shi, domin gobara ana iya maganinta, girgizar ƙasa kuwa tana korar masu jari. Bayan shekara tara suka shirya gagarumin baje koli don duniya ta ga sun miƙe, alhali ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba ta canja hali ba. Haka mai kirari yake a ko'ina, abin da ke da kyan gani yake nunawa, sauran ya tura ƙarƙashin tabarma.

Mu ma mun ga namu. Bayan ambaliyar 2007 aka yi alkawarin cike giɓin da ke tsakanin arewa da kudu, aka kafa hukumar raya yankin savanna da ake kira SADA a 2010. An zuba miliyoyin sidi a shirin dashen itatuwa da na kiwon zabi. Itatuwa da yawa suka bushe ko wutar daji ta cinye, zabin kuma da 'yan jarida suka je nema ba su ga abin kirki ba, har abin ya zama abin barkwanci a ƙasa, ana cewa sun tashi sun tafi Burkina. Yankin da ya yi asarar rayuka a yaƙin da aka laƙaba wa sunan zabo, sai ga shi an sake yi masa dariya da zabo. A 2017 aka maye gurbin hukumar da wata.

A cikin gari kuma, saurin bunƙasar da muke alfahari da shi shi ne ke cin mu. An sayar da fadamu da hanyoyin ruwa an yi gini a kai. Gonakin da Dagomban Choggu suka gada sun zama fulotai, 'ya'yansu da yawa ba gona ba sana'a. Ruwan sha daga Dalun yake zuwa, an faɗaɗa matatar a 2008, amma gari ya riga ya fi ƙarfinta. A layinmu famfo kan yi makonni bai ɗiga ba, da rani sai ka ga 'yan mata da jarkoki masu ruwan ɗorawa tun asuba. A 2022 aka buɗe gadar sama a tsakiyar gari, irinta ta farko a arewacin Ghana, a 2023 kuma aka buɗe sabon ginin filin jirgin sama. Na je na ɗauki hoto a kan gadar kamar kowa. Da na dawo gida sai da na sayi ruwan alwala.

Ranar da ba zan manta ba ita ce 6 ga Maris, 2019. Kafin nan, a ƙarshen 2018, kwamitin sarakunan nan uku ya miƙa wa Shugaba Akufo-Addo jadawalin sulhu. A watan Disamba aka yi makokin Ya-Na Mahamadu Abdulai, shekara 30 bayan rasuwarsa. A Janairu aka yi na Ya-Na Yakubu Andani. A cikin watan aka zaɓi sarkin Savelugu ya zama Ya-Na Abukari na Biyu, bayan kusan shekara 17 fatar Dagbon ba kowa a kanta. Don haka aka kawo bikin cikar Ghana shekara 62 da samun 'yanci Tamale, karon farko da aka fitar da shi daga Accra. A filin wasan nan aka yi, wanda zuwa lokacin an sa masa sunan marigayi Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Babban baƙo shi ne shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, abin da ya sa 'yan zango muka ji kamar ɗan'uwa ne ya zo mana biki. Dattijon dama bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 2011. Na hagu yana raye amma ido ya tafi. Na je na gaishe shi da yamma na ce, "Mba, yau an gama." Ya ce, "An gama na sarakuna. Saura naku."

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na fahimta daga shekarun nan shi ne gari yana tashi da abu biyu. Akwai kirari, wanda ke kiran baƙo da mai jari, yana kuma sa yaro ya ji daɗin faɗin sunan garinsu. Akwai kuma gayya, wadda ba ta da allon talla, ita ce tabarmar da aka ƙi naɗewa, da adashin da aka ƙi rabawa, da ramin da aka haƙa cikin laka. A Tamale gayya ce ta riga zuwa, kirari ya biyo baya ya hau kanta. Tsorona a yau shi ne mun riƙe na biyun mun saki na farko. Hanyar ruwan da muka haƙa a 2007 yanzu ta cika da leda, an ma gina shago a kan wani yanki nata. Bara da aka kira gayya mutum tara suka fito a layin da ke da gidaje fiye da arba'in, sauran sun ce aikin hukuma ne. Yawancin masu gidajen sababbi ne, kowa ya ja doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, irin katangar da maƙwabci ba zai iya haurowa ba ko da ya ji kuka cikin dare.

Ga 'yan'uwana na Jos da Kaduna da Maiduguri, da duk garin da ya ga wuta ko ruwa ya kuma tashi, na san kun san wannan labari da wasu sunaye. Ku yi wa garinku kirari, ya cancanta. Amma in an gama, a tambayi wane ne zai fito da shebur ranar Asabar. Mu dai a Choggu mun sake sa rana kafin saukar damuna, ni da 'ya'yan dattawan nan biyu ne muke bi gida-gida muna faɗa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba Dagbon da sauran ƙasashenmu abin da Dagomba ke kira suhudoo, wato zaman lafiya, amin.